Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Hawan Dutse a Jami'a, Ta Kuma Rayu Bayan Kun Fita

Mu tara ne ranar da muka fara fita, da gorar ruwa biyar, ɗaya daga cikinmu kuma da silifas ɗin wanka a ƙafa. Ba mu gaya wa kowa inda za mu ba. Sai da hantsi ya dubi ludayi muka bar makaranta, muka isa gindin dutsen rana ta take. Kafin mu kai rabi ruwa ya ƙare, mai silifas kuma maɗaurinsa ya tsinke, ya ƙarasa tafiyar da hankici ɗaure a ƙafa. Allah ne ya tsare muka sauko lafiya, wayonmu bai taka wata rawa ba. Daga wannan shirme ƙungiyarmu ta samo asali, kuma yawancin abin da zan faɗa a nan a jikinmu muka koye shi.

Hawan kansa ba ya da wuyar koyo. Duk mai ƙafa da numfashi zai iya, in an bi da shi sannu. Abin da ke kashe irin wannan ƙungiya shi ne ɗalibi baƙo ne a jami'a: shekara huɗu ko biyar, ya tattara komatsansa ya tafi bautar ƙasa. Ƙungiyar da ta rataya a wuyan mutum ɗaya, ranar da ya sa rigar yaye ranar ake yi mata sutura. Amma akwai waɗanda suka tsallake wannan. A kwalejin Dartmouth da ke garin Hanover a Amurka, wani ɗalibi mai suna Fred Harris ya kafa ƙungiyar fita daji a 1909, har yau tana nan. Tun 1935 take kwasar sababbin ɗalibai zuwa daji kafin su fara karatu, kuma ɗalibanta ne ke gyaran fiye da mil 50 na doguwar hanyar ƙafa ta Appalachian. Duk shekara huɗu mutanen cikinta sun sauya kaf, ita kuwa tana nan daram. Matakan da ke ƙasa an jera su ne da wannan a zuciya.

Ku fara da tafiya, suna ya zo daga baya

Kada ku fara da tambari da riguna da zaɓen shugabanni. Ku nemi mutum shida zuwa goma, ku fita sau uku a wurare masu sauƙi. A nan za ku gane wanda ke zuwa a kan lokaci, da wanda ke raba ruwansa, da wanda surutu kawai ya iya a zauren WhatsApp. Waɗanda suka zo duka ukun su ne ƙungiyar. Ku tabbata ba 'yan aji ɗaya ba ne, ba kuma 'yan sashe ɗaya ba. In dukkanku 'yan aji uku ne, tare za ku fita, ku bar kango. Ku jawo 'yan aji ɗaya da aji biyu tun yanzu, ku nemi ɗalibin likitanci ko jinya ko ɗan agajin Red Cross, da wani daga sashen nazarin ƙasa wanda ya iya karanta taswira. In akwai 'yan Man O' War a makarantarku, wato ƙungiyar nan ta masu kaki da ke horon juriya da shugabanci, ku yi zumunci da su. Tushen horonsu cibiyar nan ce da aka fara a 1951 a gaɓar teku kusa da Victoria, wato Limbe ta Kamaru a yau, wadda ke da makarantar horo a tsaunukan Shere na Jos. Sun san igiya da kwanan daji fiye da ku.

Rijista

Wannan mataki ne da kowa ke ƙyuya a kansa, kuma tilas ne. Ku dubi kanku da idon jami'in tsaron makaranta: samari goma sha biyar sun fita da asuba, da jakunkuna da usur, sun nufi daji. Sunan da zai fara zuwa masa ƙungiyar asiri ne, kuma ba za a ga laifinsa ba. Ku je ofishin kula da harkokin ɗalibai ku tambayi ƙa'idar rijistar ƙungiya. Galibi za a nemi kundin tsari, sunayen shugabanni, da malami ɗaya da zai tsaya a matsayin uban ƙungiya.

Wajen zaɓen malamin nan kada ku bi girman muƙami. Farfesan da ba a ganinsa sai wata-wata ba zai amfane ku ba. Ku nemi malamin da ke son fita da kansa, wanda zai ɗaga waya ranar Asabar, wanda kuma zai daɗe a makarantar. Shi kaɗai ne zai ga zuwanku ya ga tafiyarku, ya kuma ga na bayanku. Kundin tsari kuwa shafi biyu ya isa: wa ke iya shiga, nawa ake biya, yaushe ake zaɓe, wa ke da ikon soke tafiya, me ke sa a kori mutum. Kowace fita ku karɓi takarda mai hatimi daga ofishin, domin a shingen 'yan sanda ko na sojoji takardar nan da katin shaidar ɗalibi su ne bakinku.

Zaɓen dutse da neman izini

Ku fara da na kusa. Ɗalibin Kano yana da Dala da Gwauron Dutse a cikin gari, na Zariya yana da Kufena a wajen Wusasa, na Jos duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina, haka na Bauchi da Dutse da Abuja. Manyan wurare a bar su sai ƙungiya ta yi ƙwari. Tsaunukan Shere sun kai kimanin mita 1,829. Chappal Waddi, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Nijeriya da mita 2,419, yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti a Taraba, kan iyakar Kamaru, tafiyar kwanaki ce, sai da izinin hukumar gandun a Serti da rakiyar ma'aikatanta. Wannan burin shekara ta uku ne ko ta huɗu.

Kowane dutse kuka zaɓa, mutum biyu ko uku su riga zuwa, mako ɗaya ko biyu kafin ranar. Su hau hanyar da kansu, su duba agogo, su lura da inda waya ke kamawa da inda ba ta kamawa, inda mota za ta tsaya, da asibiti mafi kusa. Kafin duk wannan kuma su fara da ƙofar mai unguwa ko dagaci. Babu dutsen da ba shi da masu shi, ko da kun gan shi a tsakiyar daji.

Na tuna zuwanmu na farko wurin wani mai unguwa. Muka cire takalma, muka durƙusa, na miƙa takarda na ce, "Ranka ya daɗe, mu ɗalibai ne daga jami'a, mun zo neman izinin hawa dutsen nan ran Asabar."

Ya juya takardar, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "To 'ya'yana, me kuka ajiye a can da za ku ɗauko?"

Tambayar ba ta wasa ba ce. Mutanen ƙauye sun saba ganin baƙi masu neman ma'adinai ko masu auna fili, don haka ku ba da amsa a fili: motsa jiki ne da kallon ƙasa, ba za mu haƙa komai ba, ba za mu ɗauki komai ba. Da ya gamsu sai ya aika aka kira wani tsohon maharbi ya ce, "Ga Baba nan, inda ya ce ku taka nan za ku taka." A ranar Baba ya nuna mana kogon da zuma ke ciki, da gefen da masu fasa dutse ke tayar da nakiya, da wani kurmi da ya ce ba a shiga. Ba mu tambayi dalili ba, ba mu kuma shiga ba. Ko kun yarda da zancen iskoki ko ba ku yarda ba, wurin nasu ne. Ku sallami ɗan rakiya da abin kirki, ku sa kuɗinsa cikin lissafin tafiya tun farko, kada ya zama abin da ake harhaɗawa da canjin aljihu a gindin dutse.

Sai zancen tsaro, wanda ba a yi masa kara. Akwai duwatsu da dazuzzuka a Arewa da a yanzu ba wurin zuwan ɗalibai ba ne, komai kyansu, saboda 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane. Ku tambayi mai unguwa, ku tambayi 'yan banga da direbobin tasha, ku sanar da ofishin 'yan sanda na yankin. In mutum ɗaya cikin waɗannan ya yi jim kafin ya amsa, ku fasa. Ku sake tambaya ana gobe tafiya, domin labarin makon jiya ba shi ne na yau ba. Kada kuma ku baza rana da wuri a Facebook kafin tafiya. Hotuna sai an dawo.

Kalanda da agogo

Mafi daɗin lokaci daga kaka ne zuwa ƙarshen hunturu, wajen Oktoba zuwa Fabrairu. Ciyawa ta fara kwanciya, dutse ya bushe, rana da sauƙi, sai dai hazo kan rufe nesa. A bazara, Maris zuwa Mayu, dutse kan yi zafin da tafin hannu ba ya iya dafa shi, don haka sai gajeriyar fita da za a gama kafin ƙarfe goma. Damina ta fi kowane lokaci kyan gani, ta kuma fi haɗari, ga santsin gansakuka ga tsawa. Asabar ta fi dacewa, ba ta taɓa Juma'a ba, ba ta taɓa masu zuwa coci ran Lahadi ba. Mako uku kafin jarrabawa a rufe fita. Da azumi a mayar da ita tattakin yamma a cikin makaranta, a sha ruwa tare.

Don lissafin lokaci akwai tsohuwar ƙa'ida da wani ɗan Sikotland mai suna William Naismith ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5 na tafiya, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Ita ta ƙaƙƙarfan mutum ce da ba ya tsayawa. Ga ayarin ɗalibai masu hutu da ɗaukar hoto, ku ƙara rabin abin da ta ba ku. Tafiyar kilomita 10 mai hawan mita 300 a lissafinsa awa biyu da rabi ce, ku rubuta kusan awa huɗu.

Daga nan ku yanke lokacin juyawa, ku faɗe shi da ƙarfi kowa ya ji tun a mota: "Ƙarfe goma sha ɗaya in ta buga, ko ina muke, juyowa za mu yi." Za a yi muku magiya, za a ce saura kaɗan. A kan dutse kullum saura kaɗan ne. Ku bar sunayen matafiya da lambobinsu da lokacin dawowa a hannun uban ƙungiya, da umarnin abin da zai yi in lokacin ya wuce da awa biyu bai ji ku ba.

Kaya da guzuri

Takalmi ne kan gaba. Kambas mai ƙasan roba da ke kama dutse, ko na gwanjo ne, da safa mai kauri. Sabon takalmi a fara yawo da shi a makaranta na mako guda, in ba haka ba bororo zai hana mutum sakat. Silifas da takalmin fata mai santsi ba sa shiga mota, wannan doka ce, kun kuma ji inda muka samo ta. Dogon wando ya fi gajere saboda ƙarangiya da ƙaya. Hula mai baki ko malafa, jakar goyo don hannu biyu su zama a sake. In Jos ko Mambila za ku, ku ɗauki rigar sanyi, domin kowane mita 1,000 da aka hau zafi na raguwa da kimanin digiri 6.

Ruwa lita uku ga kowane mutum a fitar rabin yini, a gora, kuma a duba a ƙofar mota. Wanda ya ce shi ba ya jin ƙishirwa, shi ne zai shanye na wasu. Ruwan rafi sai an tafasa. Guzuri ya zama marar nauyi da ba ya lalacewa: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, aya, dakuwa, kilishi, garin kwaki da suga. Shinkafa da miya a kula ta jira a gindin dutse.

Kayan ƙungiya kuwa: akwatin agaji mai bandeji, filasta, auduga, maganin wanke ciwo, farasitamol, almakashi da ƙullin gishiri da suga na ORS, usur uku, tocila biyu, igiya, batirin cajin waya, buhun kwasar shara. Ku sauke taswirar yankin a waya tun kuna da intanet.

Kowane sabon shiga ya cike 'yar takarda: lambar wanda za a kira in wani abu ya faru, da ko yana da asma, sikila, farfaɗiya, ciwon suga ko olsa. Mutum biyu kawai ke ganin takardar. Ba don a hana kowa ake tambaya ba. Mai sikila, alal misali, ƙishirwa da sanyi da gajiya mai tsanani na iya tayar masa da ciwo, don haka ya fara jin ta bakin likitansa, a kuma zaɓa masa tafiyar da ta dace.

Ranar tafiya

A haɗu bayan sallar asuba, a ƙirga kai, a rubuta adadin. Za a sake ƙirgawa a gindin dutse, a kowane hutu, a ƙololuwa, da kuma kafin mota ta tashi. Mutum biyu ke riƙe da ayari. Na gaba shi ne jagaba, yana tare da ɗan rakiya, ba mai wuce shi. Na baya mu makiyayi muke ce masa, ba ya barin kowa a bayansa, ko mutum ya tsaya ɗaure igiyar takalmi ne sai ya jira shi. Makiyayi ya zama mafi haƙuri da ƙarfi a cikinku, akwatin agaji kuma a jakarsa yake. Mafi rauni a ayari a sa shi kusa da jagaba, tafiyarsa ita ce tafiyar kowa. Jagaba ɗaya da makiyayi ɗaya ba sa iya riƙe fiye da mutum goma sha biyar. In an fi haka a raba ayari biyu.

Ku yarda a kan yaren usur kafin a fara. Namu shi ne: busa ɗaya a tsaya, biyu a taru, uku akwai matsala. Wanda ya ɓace ya tsaya inda yake ya yi ta busa ko kira, kada ya shiga neman hanya.

A huta minti goma bayan kowane minti arba'in ko hamsin, a sha ruwa ko ba a jin ƙishi. A wuri mai tsayi a bar tazara, domin dutsen da ƙafar na sama ta turo kan na ƙasa yake sauka, kuma wanda ya turo ya yi ihu nan take. In azahar ta riske ku a sama, a yi taimama in ruwa ya yi ƙaranci, kada a ƙarar da na sha. Waɗanda ba Musulmi ba su tsare kaya su huta.

Saukowa ta fi hawa cin mutane. Gwiwa ta gaji, hankali ya koma gida, kowa na sauri. Yawancin targaɗen da na gani a nan aka yi shi. A taka gajere-gajere, a karkace jiki a gangara, inda ya yi santsi a zauna a ja gindi, ba abin kunya ba ne. Hoto a bakin rami haramun ne a dokar ƙungiya. Haka iyo a kududdufin da masu fasa dutse suka bari ko a ƙarƙashin magangarar ruwa: zurfinsu ba ya ganuwa, ruwan kwance kuma na iya sa tsargiya. Ba a taka shuka, ba a tsinkar mangwaron mutane, ba a rubuta suna da fenti a jikin dutse, ba a kunna wuta a busasshiyar ciyawa. Duk ledar da ta hau, ta sauko.

In abu ya faru

Maciji ne abin da kowa ke tsoro. Rigakafinsa shi ne kada a zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, a kuma duba kafin a zauna. In an yi sara, a kwantar da mutum, a cire zobe da agogo da duk abin da ke matse wurin, a ɗaure gaɓar da sanda kamar mai karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa mota. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure jijiya tamau da igiya, ba a tsayawa neman mai magani. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, farasitamol kawai. Kububuwa, wadda ta yi yawa a ƙasarmu, dafinta hana jini daskarewa yake yi, mutum na iya zama garau na sa'o'i kafin jini ya fara fita ta dasashi. Don haka ko ya ce ya warke, asibiti za a. Ba kowane asibiti ke ajiye allurar dafin maciji ba. Na Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna a kan wannan, amma ku tun ranar leƙen hanya ku gano wanne ne mafi kusa da ke da ita.

Zuma ta fi maciji saurin tarwatsa ayari. Turare mai ƙarfi da hayaniya kusa da kogo na tayar da ita. In ta taso a rufe fuska da riga, a bar wurin ta hanyar da aka zo, ba a kaɗa hannu. Wanda fuskarsa ko maƙogwaronsa ya kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, a garzaya da shi asibiti.

Hadari in ya haɗo, a ƙirga sakan tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa. Kowane sakan 3 kilomita ɗaya ne. In bai kai 30 ba, a bar ƙololuwa, a nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai, a warwatsu kaɗan.

Wanda rana ta buga zai yi jiri, ciwon kai da tashin zuciya. A kai shi inuwa, a jiƙa masa riga, a yi masa fifita, a ba shi ORS kaɗan-kaɗan. In babu na ƙulli, a zuba ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa. In ya fara sambatu ko ya rikice, abin ya wuce ku: a ci gaba da sanyaya shi ana tafiya asibiti. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma lambar direbanku da ta mai unguwa sun fi saurin amfani a ƙauye.

Mata, da kuɗi

Ƙungiyar da ba mata a cikinta rabin makaranta ta rufe wa ƙofa. Abin da ke kawo su shi ne amana: a samu mata biyu cikin shugabanni, a samu malama da ke rakiya wani lokaci, a dawo kafin magariba, a ba iyaye lambar uban ƙungiya in sun nema. Dogon wando a ƙarƙashin riga mai kai gwiwa da ƙaramin hijabi sun wadatar, doguwar abaya ce ke harɗe ƙafa. In kwana ya kama, masauki daban. Wanda ya yi wa wata maganar banza, gargaɗi ɗaya ne, na biyu kora, ko shi ya kafa ƙungiyar.

Kuɗi kuwa a sauƙaƙa. Ɗan abin da ake biya kowane zango don kayan ƙungiya, sai kuɗin mota da ɗan rakiya a raba daidai, a biya kwana uku kafin tafiya. Ma'aji ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa bayan kowace fita. A ware kujera ɗaya ko biyu kyauta ga wanda ba shi da hali, ba tare da an ambaci sunansa ba.

Abin da ke riƙe ƙungiya

Ku sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi tun fitar farko. Kowace tafiya a rubuta rana, wuri, sunayen waɗanda suka je, lokacin tashi da na dawowa, hanyar da aka bi, sunan ɗan rakiya, kuskuren da aka yi, da abin dariyar da ya faru. Sabon shiga ne ke rubutawa, kowa ya sa hannu a ƙololuwa. Na san za a ce ai akwai waya. Wayoyi nawa aka sace, zaurukan WhatsApp nawa suka mutu da lambar wanda ya buɗe su? A ɗauki hoton shafukan a ajiye a intanet, amma littafin ya zauna a ofishin uban ƙungiya lokacin hutu. Namu ya sha ruwan sama, akwai shafin da man kilishi ya ɓata, kuma shi sababbi ke fara nema su karanta.

Al'adu ba a zama a tsara su a taro, da kansu suke tsirowa, naku shi ne ku lura ku riƙe. Wani ya zo da butar shayi sau ɗaya, shi ke nan shayin ƙololuwa ya zama farilla. Laƙabi na fitowa daga abin da mutum ya yi a hanya, ya bi shi har bayan aure. Waƙar da ake yi in gajiya ta zo, tafiyar sababbin ɗalibai a makonnin farko na shekara, babbar tafiya guda bayan jarrabawar ƙarshe, komawa dutsen farko duk shekara a rana ɗaya. Abu ɗaya ne ba a bari ya zama al'ada: wahalar da sabo da sunan horo. Ranar da aka fara sa 'yan aji ɗaya ɗaukar jakunkunan manya ko tsallen kwaɗo, an kama hanyar zama abin da jami'in tsaro ya zarga tun farko.

Yajin aiki ma sai an yi masa shiri. Na ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a 2020 ya ci wata tara, na 2022 wata takwas, kuma ƙungiyoyin ɗalibai da yawa ba su farfaɗo ba. In an rufe makaranta, waɗanda ke gari ɗaya su ci gaba da ɗan tattaki tare, a turo labari a shigar a littafi in an dawo. Tsofaffin mambobi a buɗe musu zaure nasu, a gayyace su babbar tafiyar shekara. Su ne za su sayi tanti da igiya in sun fara ɗaukar albashi, amma ba su da ƙuri'a.

Miƙa ragama

Ɗan ajin ƙarshe ba ya shugabanci. Ku rubuta wannan a kundin tsari. Aikin bincikensa ya ishe shi, kuma ana so ya yi shekara guda yana kallon magajinsa. A yi zaɓe a ƙarshen zango na biyu, shugaba ya fito daga masu shiga aji biyu ko uku. Kafin mutum ya tsaya takara, ya yi makiyayi sau uku, ya yi jagaba sau biyu a ƙarƙashin idon wani, ya kuma taɓa zuwa leƙen hanya.

Abin da ake miƙawa: littafi, usur, akwatin agaji da jerin abin da ke ciki, lissafin kuɗi, kalmomin sirri na shafukan ƙungiya, takardar sabunta rijista, da lambobin direbobi da 'yan rakiya. Lamba kaɗai ba ta isa ba. Tsohon shugaba ya ɗauki sabo ya kai shi ofishin harkokin ɗalibai, ya kai shi gaban kowane mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ƙanena, shi zai riƙa kawo yaran daga bana."

A fitar farko bayan zaɓe, tsohon shugaba ya koma makiyayi, ya kama bakinsa sai in rai ne ke cikin haɗari. Wannan ya fi hawan Shere wuya. Ranar da na yi nawa, sau biyu ina gani yarinyar da muka zaɓa ta ɗauki hanyar da ta fi tsawo, na haɗiye maganata. Ta ƙirga mu a bakin mota, mu goma sha huɗu cif, muka shiga ƙofar makaranta ana kiran la'asar.